Dillancin Gida da Fili a Zamanin Waya

Jawabin ofishin magatakarda a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, wakilan rassa da suka taso daga Maradi, Ɗan Isa, Konni, Damagaram da Magarya, da ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka daga Jibiya, Katsina, Daura, Illela da Kano, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Kwamitin shirya taro ya ba ofishinmu umarnin yin magana a kan dillancin gidaje da filaye ta waya. Wani zai ce, mu fatake ne, wake da albasa da atamfa da dabbobi muka sani, ina ruwanmu da dillanci? Ruwanmu kuwa har uku. Na farko, babu ɗan kasuwar da ke ƙetare iyaka da ba ya bukatar shago ko sito ko masauki a ɗaya gefen. Na biyu, ribar da aka samu a kasuwa, mafi yawanmu a ƙasa muke binne ta, a sayi fili ko kango a ajiye. Na uku, rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sun zaunar da mutanenmu da yawa. Da mota ta daina tafiya, wasu sun koma dillancin gida da fili don a samu na cefane, kuma har yau ba su bari ba.

Dillanci kuma ba baƙon abu ba ne a wurin bafatake. Iyayenmu da ke zaune a gaba sun san fatoma, mai masaukin da ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Jarinsa duka shi ne an san shi, an san ƙofar gidansa. Mu riƙe wannan a zuciya, don za mu dawo kansa.

Bari mu fara da abin da ya canza a hannun mai saye. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma shekaru da yawa aikinta kira ne kawai. Abin da ya juya kasuwa shi ne saukowar kuɗin babbar waya. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin mai suna Transsion ke ƙera su, sun sa waya mai kyamara da gurbin layi biyu ta shiga aljihun ɗan dako da na alhaji. Gurbin nan biyu kamar don mu aka yi shi: layin Nijar a ɗaya, na Najeriya a ɗaya. Daga nan WhatsApp ya cire shingen karatu, tunda wanda bai iya rubutu ba zai danna ya yi magana, saƙon murya ya tafi Kwatano ko Lome ko Kumasi ko Jidda cikin ƙiftawar ido. A 2018 aka fito da WhatsApp Business na ƴan kasuwa, mai wurin jera hotunan haja da farashinsu. Facebook da TikTok kuma sun zama dandalin da matasa ke yini.

Kuɗi ma ya bi sahu. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya tilasta wa mutane da yawa koyon tura kuɗi ta waya, sai ga OPay da Moniepoint da PalmPay a kusan kowace rumfa. A gefen Nijar kuwa mun riga mun saba da Nita da Amana da Al Izza, ga kuma asusun waya na Airtel da Moov da Zamani. Yau mutum yana Dubai ko Gwanzu wajen sarin kaya, zai ga fili a Maradi, ya yi ciniki, ya biya, bai taka ƙasar ba.

To me wannan ke nufi ga dillali? A da mai neman gida shi ke zuwa rumfar dillalai, ya zauna a benci, a hau babur a zaga da shi. Yanzu kafin ya kira ka ya riga ya ga gidaje goma a wayarsa, ya kwatanta farashi, ya tura wa matarsa da yayansa sun faɗi ra'ayinsu. Zagayen farko a waya ake yin sa. Dillalin da hajarsa ba ta cikin wannan zagaye, ba a ma san yana da ita ba. Hajiyoyinmu shaida ne, domin su suka riga mu gane wannan hanya. Aikin da dillaliya ke yi da ƙunshin kaya gida-gida, yau matan aure na yin sa daga ɗaka da hoton da suka ɗora a waya, kuma da yawansu su ke zaɓar gidan da za a kama haya.

Yanzu ga tambayar da aka fi yi mana a ofis: yaya ake tallan da zai kawo mai saye na gaske, ba mai ɓata lokaci ba? Abin da muka tattara daga ƴan ƙungiya da suka daɗe a harkar shi ne wannan.

Ka fara bidiyo daga bakin titi, ba daga tsakar gida ba. Mai saye yana so ya ga hanyar shiga: mota na iya wucewa, ko sai babur? Idan sito ne, tirela na iya juyawa a ƙofarsa? Wannan ita ce tambayar farko ta mai wake da mai siminti. Ka ɗauka da safe ko da la'asar lokacin da haske bai yi tsanani ba, ka goge idon kyamara, ka yi tafiya a hankali, kana bayani da bakinka. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa, saboda mai kallo da kuɗinsa yake sayen data.

Ka faɗi abin da za a tambaye ka tun ba a tambaya ba: unguwa, girman wuri, yawan ɗakuna, ruwa na famfo ne ko rijiya ko burtsatse, akwai wuta ko sai sola, irin takardar da ke hannu, da farashi. Tallan da aka rubuta masa “a kira don jin farashi” yakan kori mai kuɗi ya jawo mai surutu.

Mu da ke aiki tsakanin ƙasa biyu muna da ƙarin nauyi a nan, domin awonmu ba ɗaya ba ne, ƙidayarmu ma ba ɗaya ba ce. A Kano da Katsina da ƙafa ake auna fuloti, a Maradi da Damagaram da mita. Fuloti mai ƙafa 50 da 50 bai wuce murabba'in mita 232 ba, mai 100 da 50 kuwa kusan 465 ne. Wanda ya saba da filin mita 400 ko 600, idan ka ce masa “fuloti guda” ba ka faɗi awo ba, ranar da ya zo gani zai ce ka cuce shi. Haka kuɗi. Bamaraɗe idan ya ce ɗari, dala ɗari yake nufi, wato sefa 500, jika kuma sefa 1,000. Bakano idan ya ji ɗari, ɗari ya ji. Saboda haka a rubuta farashi da lamba, a rubuta naira ne ko sefa, a sa kwanan wata. Sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, naira kuwa tun Yunin 2023 aka sake ta kasuwa ke yanka mata daraja. Farashin da ka faɗa da naira wata uku da suka wuce, yau wani abu ne daban a aljihun mai sefa. A yi magana tun farko: da wane kuɗi za a biya, kuma canjin wace rana za a bi.

Kada ka ɓoye aibi. Idan wurin kwari ne, ka ce kwari ne. Ambaliyar daminar 2024 ta nuna wa mutanen Maradi abin da ruwa ke yi wa gidan da aka gina a kan hanyarsa. Bidiyon da aka ɗauka a watan Maris ba ya nuna abin da Agusta ke yi. Dillalin da ya ajiye hoton damina ya nuna wa mai saye, zai iya rasa wannan ciniki, amma ya samu mutumin har abada, da duk wanda mutumin zai turo.

Sannan akwai abin da ba a ɗorawa. Ba a ɗora hoton takardar fili a buɗe, da suna da lamba da hatimi. Wannan hoton shi ɓarawo ke nema ya buga irinsa. Ba a ɗaukar matan gida da yara, ba a shiga gidan da ɗan haya ke ciki da kyamara sai da izininsa. Kuma a halin da yankinmu ke ciki, daga Jibiya zuwa Madarunfa, ba a bayyana wa duniya cewa alhaji wane ya sayar da gida miliyan kaza, ko a ɗora alamar taswirar gidan da mutane ke kwana ciki. A faɗi unguwa a fili, a tura ainihin wurin ga wanda aka tantance kaɗai.

Game da inda za a ɗora, ba sai an shiga ko'ina ba. Sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, amma masu ganinsa mutanen da ke da lambarka ne, ka san su sun san ka, kuma daga nan mafi yawan cinikinmu ke fitowa. Facebook da TikTok suna kai ka ga baƙi, su ya dace da wanda ke neman mutanenmu mazauna waje. Shafuka irin su Jiji da PropertyPro sun fi amfani ga mai haja a manyan birane kamar Kano da Abuja. Ka riƙe ɗaya ko biyu da kyau, da lamba ɗaya da suna ɗaya da fuskarka. Idan gida ya fita, ka cire tallansa ko ka rubuta an sayar. Barin tsohon talla don a riƙa kira, shi ke zubar da mutuncin dillali.

Jama'a, yanzu mun zo inda ya fi damun ofishinmu, domin mu ke rubuta ƙorafi idan ya zo. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan magana an yi ta ne lokacin da gani yake nufin ka je da ƙafarka. Hoto ba gani ba ne, ji ne mai launi.

Ƙorafin da ke zuwa teburinmu kala huɗu ne. Akwai wanda ya kwafi bidiyon wani dillali, ya ɗora da lambarsa, ya rage farashi, ya ce mutane sun yi yawa a kai, a turo kafin alƙalami yau. Ana turawa, layi ya mutu. Akwai fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu ko uku, kowa da hoton takarda a wayarsa, ba su haɗu ba sai ranar da ɗaya ya kawo yashi. Akwai saƙon shigar kuɗi na ƙarya, mai gida ya miƙa makulli, sai daga baya ya duba asusu ya ga wayam. Akwai kuma satar WhatsApp: a kira ka a ce za a sa ka a wani rukuni ko taro, a ce ka karanto lambobi shida da aka turo maka. Kana karantawa an ƙwace asusunka, a shiga bin abokan cinikinka da sunanka ana karɓar kuɗi. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, wadda ke iya gyara hoton kango ya koma sabon gini, ta kuma kwaikwayi muryar mutum. Muryar alhaji a saƙo ba ta zama hujjar cewa alhaji ne ya yi magana ba.

Maganin waɗannan ba ya bukatar digiri. Lambobi shidan nan ba a ba kowa, ko da ya ce daga ofishin ƙungiya yake. Kowa ya shiga saitin WhatsApp ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya sa lambar sirri. Wanda bai iya ba ya tsaya bayan taro, matasanmu za su yi masa a nan take. Kuɗi ba ya shiga sai ka buɗe asusunka ka gan shi da idonka. Idan an nuna maka gida daga nesa, ka ce a kira ka da bidiyo kai tsaye daga ƙofar gidan, a juya kyamara a nuna maƙwabta, a tura maka alamar wurin a Google Maps. Bayan wannan duka, ka tura mutuminka, ba mutumin dillali ba, ya je ya taka wurin, ya gaisa da mai unguwa, ya tambayi maƙwabta na gabas da na yamma wa suka sani da filin. Idan gado ne, a tabbata an raba, kuma magada duka sun sa hannu, har da mata. Babu kafin alƙalami sai bayan wannan. Duk cinikin da aka ce ba zai jira kwana biyu ba, ka bar shi ya wuce.

Takarda kuma a ofis ake tantance ta, ba a waya ba. A Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99 ga gidan zama, kuma sayar da wurin da ke da takardar C of O yana bukatar amincewar gwamna. A Kano ana binciken fayil a hukumar KANGIS, a wasu jihohi kuma a ma'aikatar ƙasa da safiyo. A Nijar, takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yanka filaye daban take da titir fonsiye, wanda shi ne mafi ƙarfi, kuma cinikinsa ta hannun noter yake bi. Gonaki da filayen karkara suna ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, da kwamitocin ƙasa da ake kira Cofo, tun daga na gari har na gunduma. Wanda zai sayi ƙasa a ƙasar da ba tasa ba, ya fara ganin lauya ko noter na can kafin ya fitar da ko dala. Wannan ya ƙara zama dole tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. Kada a dogara da “haka muka saba yi”.

Masu dillanci a gefen Najeriya su kuma sani, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta banki. Dillalan gidaje suna cikin waɗanda ake so su yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC. Mu da muka saba ɗaukar kuɗi a buhu, wannan ya shafe mu. Biya ta banki ma kariya ce, domin tana barin shaida.

Muna jan hankali musamman a kan filayen da ake tallatawa da sunan jirgin ƙasa. Gaskiya ne an ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maradi a Fabrairun 2021, mai tsawon kusan kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Gaskiya ne kuma an buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano a Janairun 2023. Irin waɗannan ayyuka kan ɗaga darajar ƙasa. Amma kalmar “kusa da tasha” ta yi arha a waya. Kusa nawa? Wa ya nuna maka inda tashar za ta zauna? Filin bai faɗa cikin wanda gwamnati ta riga ta karɓa ta biya diyya ba? Wanda bai amsa waɗannan ba, labari yake sayar maka, ba fili ba.

Saura maganar la'ada, wadda ita ke raba zumunci. A da dillali ɗaya ne ko biyu. Yanzu bidiyo ɗaya zai bi hannu bakwai, kowa ya ƙara nasa a kan farashi, ranar biya kuma mutum bakwai su bayyana kowa ya ce shi ya kawo mai saye. Mai gida ya ga an sayar da gidansa da kuɗin da bai ji ba, mai saye ya gane an yi masa ƙari, dillalai su kwana suna gaba. Shawararmu ita ce dillalin da mai gida ya ba haja ya karɓi izini a rubuce, ko aƙalla saƙon murya da zai ajiye, mai ɗauke da farashi da la'ada da wanda zai biya ta. Ya sa sunansa da lambarsa a jikin bidiyon. Wanda zai tura gaba ya sanar da shi, a yanka rabo tun kafin mai saye ya bayyana. Al'adar kowane gari daban ce wajen yawan la'ada, ba mu zo mu yanka wa kowa ba. Abin da muke roƙo shi ne a faɗe ta a fili, a daina ƙari a ɓoye.

Iyayenmu dattawa, mun ji wasunku na cewa yara sun ƙwace sana'a da waya. Da girmamawa muke cewa ba su ƙwace ba, rabinta kawai suka riƙe. Yaro ya iya ɗaukar bidiyo, amma bai san cewa filin nan an taɓa shari'a a kansa shekara ashirin da suka wuce ba, bai san wane gida ne ke da magajin da ke Sudan bai dawo ba. Ku kuka san wannan, kuma babu wayar da ke ɗauke da shi. Ku kuma ƙannenmu matasa, mabiya dubu goma ba su kai darajar dattijo ɗaya da zai ce “na san wurin, na tsaya masa” ba. Kowane dattijo ya ɗauki matashi ɗaya, a yi rabo na adalci. Abin da fatoma yake da shi, wato a san ka a san ƙofarka, shi ne har yau mai saye ke nema. Waya ta faɗaɗa kasuwa ne kawai, amana kuwa sai mutum.

A ƙarshe, ofishin magatakarda yana gabatar wa wannan taro shawarwari huɗu, don a tattauna a yanke.

Na ɗaya, a buɗe rajistar ƴan ƙungiya masu dillancin gida, shago, sito da fili, da hoto da lambar waya da reshe, kuma mutum biyu na reshensa su tsaya wa kowa.

Na biyu, a buɗe rukunin WhatsApp guda na talla kawai, wanda ba mai ɗora haja sai wanda ke cikin rajista, kuma kowane talla ya zo da awo da irin takarda da farashi da kwanan wata.

Na uku, kowane reshe ya naɗa mutum biyu masu zuwa gani da ido, ta yadda ɗan Konni da ke son shago a Kano, ko ɗan Katsina da ke son sito a Maradi, zai biya kuɗin mota kaɗan a je a duba masa kafin ya biya.

Na huɗu, rigimar la'ada tsakanin ƴan ƙungiya ta fara zuwa gaban kwamitin sulhu kafin a kai ta waje, kuma wanda aka tabbatar ya tallata abin da ba shi da izini a kansa a cire shi daga rajista, a sanar da rassa duka.

Rajista da rukuni ba za su ci wa ƙungiya komai ba sai littafi da lokaci, kuma ofishinmu a shirye yake ya fara karɓar sunaye daga gobe idan taro ya amince. Kuɗin da ɗan'uwa ya tara shekara goma yana kwana a kan iyaka, bai kamata ya tafi a danna ɗaya ba.

 Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.